Wa Ya Shafa wa Angulu Ƙaro?

Duk ranar Asabar, da an kwashe tuwon yamma, Kaka ba ta yarda a kashe wuta. Takan ce a bar mata garwashin, akwai sauran aiki. Aikin kuwa kawunanmu ne, ni da yayata Hannatu, domin washegari Lahadi, kuma jikar Kaka ba ta shiga coci da tsefaffen kai ko da a ƙarƙashin ɗankwali ne. A Bomo muka tashi, a gidan kakarmu ta wajen uba, tun kafin ɗalibai su cika ƙauyen da haya. Babanmu yana aikin lambu a jami'a, innarmu tana sayar da kayan miya a kasuwar Samaru, ba ta dawowa sai rana ta faɗi, a gajiye liƙis. Saboda haka duk abin da ya shafi kanmu, na waje da na ciki, a hannun Kaka yake.

Har yau in na ji ƙamshin man kaɗanya ya haɗu da hayaƙi, sai in ji kamar ina zaune a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Takan zauna a 'yar kujerarta ta katako kusa da murhu, fitilar ƙwai a gefe guda, masara biyu a kan garwashi in lokacinta ne. Gashina gajere ne, ga tauri, ga ni da raki. Tun kafin matsefi ya taɓa ni na fara kuka. Sai ta ɗan buga mini ƙeya da yatsa ta ce, "Ke ƙawata, ko kaza aka kama ba ta yi wannan ihun ba." Ƙawata take ce mini, ni kuma ina ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Da ta ga kukan ba zai tsaya ba sai ta fito da maganinsa. Za ta yi tatsuniya, amma da sharaɗi: wadda ake yi wa kitso in ta motsa kai, tatsuniya ta tsaya cak, ko da kura ta buɗe baki za ta haɗiye yarinya.

Kaka tana da wani tsohon gwangwanin madara da take ɓoyewa a bayan tukunyar ruwa. Ba alewa a ciki, mun duba ya fi a ƙirga. Gashinta ne. Duk sanda ta tsefe kai, abin da ya maƙale a matsefi ba ta zubarwa. Takan naɗe shi a yatsa, ta shafa masa mai, ta jefa a gwangwani. Ta ce abin da kai ya haifa ba a kai shi bola. In gaban kanta ya yi ƙaranci sai a ɗebo kaɗan a ƙara a kitson, ba wanda zai gane. Gashin nata fari ne tas, mai laushi, ba shi da yawa, amma tana ji da shi ba kaɗan ba. Kitso shida take yi, ba ƙari ba ragi. Da yamma takan cire ɗankwali ta zauna a tsakar gida kai a buɗe, wai tana ba shi iska. A kan nan na koyi kitso ina shekara tara. Farkon da na yi ya fito a karkace kamar hanyar shanu, amma haka ta tafi da shi coci. Tun daga ranar ta ce ba mai taɓa mata kai sai ni.

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda ake yi a sauran gidaje. Takan yi gyaran murya ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa, ta sha tafiya." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, mun shimfiɗa mata tabarma." Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma wadda muka fi roƙo, kuma wadda ta fi dacewa da ranar kitso, ita ce ta Angulu.

Wai a can da, Angulu ba ta da sanƙo. Gashi gare ta baƙi, mai laushi, sai dai gajere. Ana nan sai aka sa ranar bikin 'yar sarkin tsuntsaye. Angulu ta ga Gauraka ta wuce da tukkunta yana rawa a iska, sai ranta ya ɓaci. Ta tafi wurin Doki ta yi ta roƙo har ya tsinko mata izga daga wutsiyarsa, doguwa, mai sheƙi. To, ga gashi ya samu. Saura mai haɗa shi da nata.

Ta fara zuwa wurin Tautau, gwanar saƙa. Tautau ta zagaya kan, ta shafa, ta ce, "Zan yi miki. Zan ɗauki silin Doki in kitsa shi da silinki, ɗaya bayan ɗaya, har su zama 'yan uwa. Amma sai kin zauna kwana uku." A nan Kaka takan maƙale murya ta kwaikwayi Angulu: "Kwana uku? Ni da nake da mutane?" Ta kwashi izgarta ta yi gaba.

Ta je wurin Beguwa, mai allurai a baya. Beguwa ta ce, "Zan kitse naki a kwance, in ɗinka na Doki a kansa. Wuni ɗaya ne, amma za ki ji suka." Angulu ta dubi alluran, ta dubi rana, ta ce bari ta je ta dawo. Ba ta dawo ba.

Tana cikin tafiya sai ga Ƙadangare a jikin itace, ƙaro yana tsiyaya a gefensa. Ya ce, "Haba 'yar uwa, me ya kai ki wahala? Zauna nan. Kafin tukunya ta tafasa kin gama." Ya lakato ƙaro ya shafa mata daga goshi har ƙeya, ya manna izga, ya danna da tafin hannu. Ta ce, "Ya yi kyau?" Ya gyaɗa kai. Ta ce, "Ba abin da zai faru?" Ya sake gyaɗa kai. In an zo nan Hannatu takan yi ta gyaɗa kai tana zare ido, ni kuma ina mutuwa da dariya ba halin motsi.

A wurin biki Angulu ta haska, har Gauraka ta koma gefe. Amma da rana ta take, ƙaro ya fara narkewa. Ƙuda ya taru, tururuwa ta hau, ƙaiƙayi ya tashi. Ta tashi sama za ta gudu, izga ta sarƙe a reshen ƙaya. Ta fizga, izga ta fita, ta tafi da gashinta duka har saiwa. Ta koma wurin Tautau tana kuka, ta ce, "Na yarda, ko kwana bakwai ne zan zauna." Tautau ta hau kan, ta bi shi lungu-lungu, ta sauko ta ce, "Babu abin da zan kama." Shi ya sa har yau Angulu take yawo da sanƙo, Ƙadangare kuma yake ta gyaɗa kai ko ba a tambaye shi komai ba. Sai Kaka ta tafa hannu ta ce, "Baƙuwa ta tashi, ku naɗe tabarmarku."

Wata Asabar na tambaye ta, "Kaka, to laifin wa?" Ta ja wani kitso ta ɗaure bakinsa tukuna, sannan ta ce, "Angulu ta yi gaggawa, ba shakka. Amma ita ba ta san ƙaro ba. Shi ya sani." Ranar Litinin muka wuni muna jifan ƙadangaru a bayan katanga, sai da Baba ya zare mana ido.

Da na gama sakandare ban samu ci gaba ba, sai aka kai ni koyon gyaran gashi a Sabon Gari, a shagon wata mata 'yar kudu da kowa yake kira Madam. An haife ta a Zariya, Hausa a bakinta kamar ruwa. A can na tarar da mutanen tatsuniyar nan su uku, suna zaune a kan tebur ɗaya. Har gashin da ake ƙarawa ma, gashin doki mutane suke ce masa, ko da yake a leda yake zuwa daga kamfani.

Akwai kitson ƙari, aikin Tautau ke nan. Ki yanki gashin dokin, ki ja bakinsa ya yi tsini, ki naɗa shi a gindin na mutum ki kitsa su tare har ƙasa, a ƙarshe ki tsoma bakin a ruwan zafi don kada ya warware. Mace takan zo da safe da abincinta, ta tashi da la'asar bayanta ya ƙage. Amma yakan yi wata biyu, fatar kai tana shan iska, ana iya wankewa. Illarsa nauyi, in an ja gaban goshi da ƙarfi yakan ci shi a hankali. Akwai ɗinki, aikin Beguwa. Ki kitse na mutum a kwance, ki ɗauki lanƙwasasshiyar allura da baƙin zare ki ɗinke gashin a kan layukan kitson. Awa biyu ko uku, in an tashi cirewa a yanke zare kawai. Sai dai yana son kai mai gashin da zai riƙe ɗinki, kuma in ya kwana biyu ƙaiƙayi yakan sa mace ta riƙa bubbuga kai a cikin taro. Sai na uku, wata 'yar kwalba mai baƙin gam. Ki shafa a bakin gashin, ki manna, ki busa masa iska mai zafi. Rabin awa an gama, ya kwanta lumui kamar da shi aka haifi mutum.

Madam ba ta son gam, amma 'yan mata suna nema, saboda haka ta koya mana da dokoki. Ta ce ba a sa shi sai an fara rufe kai da hular raga, gam ya kama hula, kada ya kama gashi. Ta ce ba ya wuce sati. Ta ce ba a sa wa yarinya, ba a sa wa tsohuwa. Ba sau ɗaya ta faɗa ba, ba sau biyu ba. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya tausaya mini ya ce rashin sani ne.

A shagon na haɗu da Emeka, ɗan Madam, mai sayar da kayan wuta a kasuwa. Aka yi shekara biyu ana kai da kawowa, aka sa ranar aure. Tun daga nan wani abu ya shiga raina. Na ga hotunan bukukuwan danginsu. Iyayensu mata, har masu furfura, kowace da gashi baƙi wuluk yana leƙowa ta ƙarƙashin gwaggwaro, ya zubo kafaɗa. Na tuna Kakata da kitsonta shida da warin hayaƙi, sai na ji kunya. Wallahi ba wanda ya ce mini uffan. Madam in ta zo Bomo har ƙasa take durƙusawa ta gaishe da Kaka, Mama take ce mata. Ni kaɗai na ƙirƙiri abin kunyar, na ɗauke shi na ɗora wa tsohuwa.

Saura sati guda na ce mata, "Kaka, zan ƙara miki gashi ranar bikin." Ta yi murna, Allah Sarki. Ta ce, "To ki zo ranar Alhamis, ga gwangwanina nan ya cika. Mu zauna a hankali ki kitsa mini nawa." Na ce to. A raina kuwa na ce wa zai sa wannan farin abu mai warin mai a hoton aurena? Alhamis ta zo ina wurin tela. Jumma'a ina wurin masu girki. Ranar Asabar da sassafe, saura awa uku a shiga coci, na shiga ɗakinta da ledar gashin doki.

Na duba kan. Kitson ƙari ba lokaci, kuma gashinta ba zai ɗauki nauyin ba. Na gwada kitsa shi a kwance don in ɗinka, layukan suka fito sirara, allura ba ta da inda za ta kama. Na sa hannu a jaka na fito da kwalbar. Na lalubi hular raga, babu, na bar ta a shago. Ana ta kirana a waje, mai kwalliya ta iso. Na buɗe kwalbar.

Kaka ta shinshina. Ta ce, "Mene ne wannan mai wari?"

Na ce, "Gam ne, Kaka. Na zamani ne, ba ya komai."

Ta juyo ta dube ni. Ba ta daɗe ba, amma ta dube ni sosai. Ta ce, "Ƙawata, kin tabbata?"

Na gyaɗa kai.

Ta juya, ta gyara zama, ta sunkuyar mini da kai. Na shafa a kan farin gashin nan kai tsaye, layi bayan layi, daga goshi zuwa tsakiya. Na ce mata kwana uku kawai, ranar Talata zan zo da kaina in cire.

Ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Matan zumuntar coci suka yi ta guɗa, suna cewa yau amarya biyu ce. Ta yi rawa, ta ɗauki hoto da kowa. Madam ce kaɗai da ta rungume ta, na ga ta tsaya tana kallon gaban goshin, ta juyo ta neme ni da ido. Na kau da kai na shiga cikin ƙawaye.

Ranar Litinin, ba zato, muka tafi kudu gaishe da dangin Emeka. Tafiyar kwana huɗu ta zama sati uku. Yau a kai ni gidan wannan kawu, gobe gidan waccan gwaggo, ko'ina ana yanka mini kaza. Ba wai na manta ba ne gaba ɗaya. Yakan faɗo mini a rai, in ce gobe zan kira gida. A sati na biyu Hannatu ta kira ta ce, "Rifkatu, kan Kaka yana damunta, ba ta barci." Na ce ta shafa mata man gyaɗa ta cire. Ta ce ta gwada, Kaka ta buge mata hannu, ta ce wadda ta sa ita za ta cire. Na ce ina nan tafe. Na ƙara kwana takwas.

Lokacin zafi ne, gab da saukar damina. Na iso Bomo da hantsi na same ta a inuwar mangwaro, ta rame. Ba ta yi mini faɗa ba, ta tambayi surukaina ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi hanya. Da na kwance ɗankwalin wari ya buge ni. Gumi da gam da gashi sun cure sun zama abu ɗaya, ƙarƙashinsa ƙuraje sun fashe inda ta yi ta susa da tsinke. Na jiƙa shi da mai, na jira, na ƙara, na jira. Na bi shi a hankali yadda aka koya mini. Duk da haka kowane layi da na ɗaga, da farin gashi yake tasowa, wani wurin har da fata. Daga goshi zuwa tsakiyar kai ba abin da ya rage. Ba ta ce wayyo ba ko sau ɗaya, gwiwata kawai ta riƙe.

Da na gama ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni nawa." Na ba ta. Ta zauna tana ƙoƙarin tsince farin gashinta daga cikin baƙin gam da farce, don ta sa a gwangwani. Ya ƙi rabuwa. Ta yi ta yi, sannan ta ajiye a gefe ta ce, "Miƙo mini ɗankwalina." Ni dai ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba.

Mun kai ta asibiti, ƙurajen suka warke, wurin ya yi sumul. Na saya mata mai iri-iri, na haɗa na gargajiya, ba sili ɗaya da ya fito. Wata Asabar na ɗauko gwangwanin da kaina, na ce bari in gwada kitsa mata ko kaɗan ne. Na bi gaban kan da yatsa, lungu-lungu. Babu abin da zan kama, na mayar da murfin gwangwanin. Tun daga lokacin ban sake ganin Kaka ta zauna a tsakar gida kai a buɗe ba, ko a ɗaki da ɗankwali take kwana. Madam ta kira ni gefe sau ɗaya ta ce, "Ni na koya miki wannan?" Ita ce kaɗai ta taɓa faɗa mini magana a kai, kuma na gode mata, domin shirun Kaka ya fi ƙarfina.

Shekaru suka wuce, na haifi Godiya. Tana shekara biyar muka je Bomo wata Asabar. Yatsun Kaka sun riga sun ƙage, saboda haka ni nake yi wa yarinyar kitso a bakin murhu, Kaka tana kishingiɗe a tabarma. Godiya ta gaji rakina duka. Da ihun ya yi yawa sai na ji tsohuwar murya ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa, ta sha tafiya." Na koya wa Godiya amsar, ina addu'a a zuciya kada ta zama ta Angulu. Ita ce kuwa.

Ba ta rage komai ba. Gauraka da tukkunta, Doki da izgarsa, Tautau da kwana ukunta, Beguwa da alluranta, har maƙale muryar nan. Da aka zo gindin itacen ƙaro sai ta ce, "Sai ta haɗu da wani."

Godiya ta ce, "Wane ne?"

Kaka ta ce, "Na manta."

Matar da take tuna ranar da aka haifi kowane jika da abin da aka dafa a ranar. Godiya ta nace, "Kura ce? Biri ne?" Kaka ta ce, "Wani ne dai, ɗan gida. Hidima ta yi masa yawa a ranar." Ta ci gaba har inda gashin ya fita. Godiya ta ce, "Mugu ne! Ya cuce ta, ita ba ta sani ba." Kaka ta ce, "A'a, kishiyar tsohuwa, Angulu ta san ƙaro sarai. Ta ga yana so ta yi kyau ne, sai ta ba shi kan." Ta tafa hannu a hankali ta sallami baƙuwa. Ni kuwa tsagar da nake yi ta ɓace mini, ban iya ganin komai ba, na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

A shekarar da ta biyo baya, Kaka ta rasu. Mu muka shirya ta, ni da Hannatu. Ni na ɗaura mata ɗankwali na ƙarshe, na jawo shi gaba sosai yadda take so.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan gargaɗi ce ga masu gaggawa, na yi ta kiyaye kaina kada in zama Angulu. Ko sau ɗaya ban taɓa tunanin akwai wani wurin zama a cikinta da zai dace da ni ba. Ashe mai sana'ar kai ba gashi ake miƙa mata ba. Mutum ne yake juya miki baya, ya sunkuya, ba ya ganin abin da hannunki yake yi, sai abin da kika gaya masa. Yanzu ina da shagona a Samaru, yawancin masu zuwa ɗalibai ne, kullum a gurguje. Nakan zaunar da yarinya in faɗa mata gaskiyar kowanne: kitson ƙari zai ci miki wuni, ɗinki zai yi miki ƙaiƙayi, ki zaɓa. In ta ce gam take so, nakan ce ba na sa shi. Akwai masu yin sa da kyau, da hula da komai, ban ce haramun ba ne. Ni ce dai hannuna ba ya iya buɗe kwalbar. Wasu su yi tsaki su tsallaka titi. Gwangwanin Kaka yana nan a ƙarƙashin teburin shago, ban san abin da zan yi da shi ba, kuma ba zan kai shi bola ba.

Godiya yanzu shekararta goma sha ɗaya, kuma ba ta daina tambaya ba. Duk tatsuniyar da ta sani kowa yana da suna, ban da wannan. Asabar ɗin da ta wuce tana zaune tsakanin gwiwoyina, na yi kitso huɗu saura biyu, ta sake cewa, "Mama, ke ma kin manta wanda ya shafa wa Angulu ƙaro?" Na ce ban manta ba. Na gaya mata Ƙadangare ne, haka Kaka take faɗa mana muna yara. Ta ce to me ya sa ta ɓoye? Na ajiye matsefi na gaya mata duka, da kwalbar, da hular da na bari a shago, da sati ukun, da dalilin da ya sa ba ta taɓa ganin kan Kaka a buɗe ba.

Ta juyo ta dube ni. Idon Kaka gare ta sak. Na jira ta tashi, ko ta ce mugu kamar yadda ta faɗa tana ƙarama, kuma da ta faɗa da ban musa ba. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya, ta gyara zama, ta sunkuyar mini da kai.

Ta ce, "Ki ƙarasa, Mama. Saura biyu."